Juyen mai da kula da motar haibirid: inda kuɗin yake tafiya da yadda za ka tare shi

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta zarce dubu, sai ga mutane sun fara waiwayar motocin nan na haibirid, su Prius da Camry Hybrid, masu haɗa injin fetur da batir. Ni Prius gare ni ƙirar 2012, tokumbo ce daga Amurka, kuma kusan duk inda na tsaya tambayar ɗaya ce, malam nawa kake kashewa a juye, wai gaskiya ne in ta lalace shikenan sai dai a jingine ta? To amsar ita ce hidimarta ta yau da kullum ba ta fi ta Corolla wani yawa ba, wasu abubuwan ma ta fi sauƙi, amma akwai wurare uku zuwa huɗu da in ka nemi arha a wajen wallahi duk abin da ka tara a kuɗin fetur can zai tafi.

Mu fara da baƙin mai tunda shi ne kullum-kullum. Kafin ka je wajen kowane mai juye buɗe bonet ka duba murfin da ake zuba mai, yawanci an rubuta lambar man a jiki. Prius ta 2010 zuwa 2015 mai injin 1.8 tana shan 0W-20 ne, wajen lita 4.2 in an haɗa da canza filta. Ta baya wato 2004 zuwa 2009 mai injin 1.5 ita 5W-30 ce, lita 3.7. Camry Hybrid daga 2018 kuwa har 0W-16 Toyota ta rubuta mata, mai ne tsinkakke sosai. Ka ga lita 4.2 ɗin nan tana da ɗan ciwo, domin galan mai lita 4 ba zai isa ba, ko dai ka sayi mai lita 5 ko ka ƙara da ƙaramar roba ɗaya, kuma ragowar kar ka bar ta a gareji, saka ta a but za ta yi maka amfanin ciko.

Nan ne ake fara kai ruwa rana da makanikai. Da yawansu za su ce maka ai ƙasarmu da zafi, wannan man ruwa ne, a zuba 20W-50 mai kauri injin ya samu ya huta. Ba da mugunta suke faɗa ba, da tsofaffin motoci suka saba irin su Fijo 504 da 505 da ake zuba musu hakan. Amma injin haibirid ba haka yake aiki ba, a fita ɗaya daga gida zuwa kasuwa zai iya mutuwa ya tashi sau barkatai, ka tsaya a danja ya mutu, ka taka ya tashi, kuma duk tashin nan ana so man ya riga ya isa sama cikin ƙiftawar ido, hanyoyin da man ke bi a ciki kuma ƙanana ne. Mai kauri kafin ya hau ƙarfe ya gama gogar ƙarfe. Sannan yana sa injin ya yi nauyi ya ƙara shan fetur, abin da ka sayi motar don gudunsa kenan. In 0W-20 ɗin ya yi wuyar samu a garinku, 5W-20 ko 5W-30 zai riƙe ka zuwa juye na gaba, amma kar ka wuce nan.

Sai maganar lokaci. Toyota a Amurka ta ce in da 0W-20 na asali ne a yi juye duk mil 10,000 ko shekara ɗaya, wato kilomita 16,000, amma a littafin motar dai sun ƙara da cewa in kana bin hanya mai ƙura, ko kana yawan gajeruwar tafiya, ko yawan tsayuwa mota na kunne, to ka dawo mil 5,000 ko wata shida, kilomita 8,000 kenan. Duba wannan jerin ka gaya min wanne ne ba namu ba, ga ƙurar hunturu ga cunkoso ga hanyar unguwa da ba kwalta. Don haka ni a kan 8,000 ko wata shida nake, duk wanda ya riga zuwa. Wata shidan nan kar ka raina shi ko da ba ka yi tafiya mai yawa ba, domin a gajeruwar tafiya injin haibirid ba ya daɗewa a kunne balle ya ɗau zafi sosai, sai danshi da ɗan fetur su taru a cikin man su lalata shi alhali mitar ba ta nuna ka yi nisa ba. Kuma a kula, motar da ta fito daga Amurka mitarta mil take ƙirgawa ba kilomita ba, na sha ganin mai juye ya ƙara 8,000 a kan abin da ya gani a dashbod ya rubuta a takarda, alhali 8,000 na mil ya kusa kilomita 13,000.

To kuɗin juye guda nawa ne? Abu huɗu ne a ciki, man kansa, filta, ɗan wosha na notin ƙasa, sai kuɗin aiki. Kuɗin aiki daidai yake da na Corolla, noti ɗaya ake kwancewa, duk wanda ya ce zai ninka maka don motar haibirid ce ka gode masa ka yi gaba. Filtar ta 2010 zuwa 2015 ba irin gwangwanin nan ba ce da ake murɗewa a yar, takarda ce a cikin murfi, tana zuwa da zoben roba sabo, ka tsaya ka ga an canza zoben kuma an yi amfani da sifanar da ta dace ba a sa guduma da cizal an fasa murfin ba. Mafi yawan kuɗin a man yake, kuma farashinsa da dala yake tafiya shi ya sa yau daban gobe daban. Lissafin da za ka yi mai sauƙi ne, tambayi farashin lita 5 na 0W-20 a wajen dila, ɗora filta da kuɗin aiki, ka ninka biyu, abin da za ka kashe a shekara kenan in tafiyarka ba ta wuce kilomita 16,000 ba. In kana haya da ita ko kana yawan Kano zuwa Abuja to ninka uku ko huɗu. Da ka gwada da na maƙwabcinka mai zuba mai arha yana juyewa duk wata biyu ko uku za ka ga ratar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Jabun mai shi ne babban abin tsoro na gaskiya. Sayi naka da kanka a wurin da ka yarda da shi, duba hatimin murfin, a buɗe a gabanka a zuba a gabanka, in galan ɗin ya ƙare kuma ka huda shi kafin ka bar shi, domin irin waɗannan robobin ake tattarawa a sake cikawa da wani abu a sayar wa wani bawan Allah.

Abu ɗaya da ya shafi lafiyar injin da ta yaron da ke ƙarƙashin motar: haibirid tana iya zama a kunne shiru kamar a kashe take. In kalmar READY tana haske a dashbod to injin zai iya tashi da kansa kowane lokaci, ko da an riga an tsiyaye man. Kashe ta gaba ɗaya, ka ga READY ta ɗauke, ka saka makullin a aljihunka ka matsa gefe kafin a taɓa notin. Bayan juye kuma ka riƙa zaro sandar awon mai duk sati biyu, domin wasu daga cikin Prius na 2010 zuwa 2014 da Camry Hybrid ta farko mai injin 2.4 in sun yi nisan tafiya suna shan mai a hankali ba hayaƙi ba yoyo.

Yanzu ga abin da ba ya cin ko sisi amma shi ke kashe babban batir, wato ƙura. Batirin Prius irin tawa yana bayan kujerar baya, ƙwayoyi 28 ne a jere suna ba da wuta sama da bolt 200, kuma da iskar cikin mota ake sanyaya shi, akwai wata 'yar raga a gefen kujerar baya ta dama, ta nan fanka take zuƙo iska. In ƙura da gashi da zaren darduma suka toshe fankar sai batirin ya riƙa dahuwa a hankali, kai ba ka sani ba, sai ranar da fitilar gargaɗi ta kama aka sa kwamfuta ta nuna P0A80, ma'ana batirin ya gaji. Saboda haka kar a ɗora jaka ko filo ko mayafi a kan ragar nan, ka gaya wa iyali da yara, ka share ta duk lokacin juye, sannan sau ɗaya a shekara bayan hunturu ya wuce a ciro fankar a wanke ta da buroshi. Kunna esi lokacin zafi ma gata ne ga batirin, haka ajiye ta a inuwa. Garantin da Toyota ta ba batirin waɗannan shekarun a yawancin jihohin Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000, ka ga tokumbo kafin ta iso hannunka ya daɗe da ƙarewa, kulawarka ce kaɗai ta rage masa. Wayoyi masu ruwan lemo da za ka gani kuwa na babbar wuta ne, ba na mai rewaya na bakin titi ba ne, suna iya kisa.

Esi shi ne wuri na biyu da ake yi wa mutane ɓarna, ni ma saura kaɗan. Na kai a ƙara min gas, na juya ina waya, juyowar da zan yi sai na ga yaron ya ɗauko man kwamfireso na sauran motoci zai ɗura, da ƙyar na tare shi. Kwamfireson haibirid da lantarki yake aiki, man da ke cikinsa na musamman ne ana ce masa ND-11, ba ya bari wuta ta bi ta cikinsa. In aka zuba na gama-gari wuta na iya zurarewa, motar ta nuna matsala har ta ƙi tashi, gyaran kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne don wani lokaci sai an canza kayan esin da yawa. Tambayi mai esin kai tsaye, malam wane mai kake sa wa haibirid? In ya ce duk ɗaya ne, ja motarka.

Ruwan sanyaya inji tanki biyu ne a motar, ɗaya na inji ɗaya na inbata, wato na'urar da ke juya wutar babban batir ta zama wadda injin lantarkin motar ke aiki da ita, duka ruwan hodan nan na Toyota ake zubawa, ba ruwan leda ba kuma ba na rijiya ba. Yana daɗewa, zubin farko na kamfani yakan kai kilomita 160,000 daga nan duk 80,000, amma tunda ba ka san abin da mai ita na farko ya yi ba, da ka saya ka canza duka biyun hankalinka ya kwanta. Haka man giya, irin na Toyota ne mai suna ATF WS, lita 3 zuwa 4, tsiyayewa ake a zuba sabo. Fulogi na iridiyam ne suna kaiwa kilomita 190,000. Mai Prius 2010 zuwa 2015 ya ƙara da wanke EGR, wato hanyar da ke mayar da wani sashe na hayaƙin salansa cikin inji, in motar ta yi nisa, don in ya toshe da baƙin toka injin yana karkarwa da safe, in aka share shi kuma har gasket yake ƙonawa.

Akwai kuma inda take rage maka kashe kuɗi, ya kamata a faɗa. Babu kik babu altaneta, irin tawa ko fambel babu gaba ɗaya. Birki yana daɗewa sosai saboda in ka taka a hankali injin lantarkin ne ke rage gudun yana mayar da wutar cikin batir, fad ɗin ba ya ciwuwa da wuri. Sai dai rashin aikin kan sa fil ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad ɗin, ya cije, don haka duk shekara a kwance a shafa giris, man birki kuma in za a canza a kai wa mai kwamfuta, domin in iska ta shiga famfon birkin nan matsalar tana da tsada.

Ƙaramin batir mai bolt 12 yana nan shi ma, a Prius ta 2004 zuwa 2015 a but yake ta dama. Ba ya juya inji, kwamfutocin motar kawai yake tayarwa, amma in ya yi sanyi motar ba za ta nuna READY ba, fitilu iri-iri su kama, mutum ya tsorata ya ɗauka babban batir ne ya mutu. Kafin kowa ya ambata maka kuɗin babban batir a fara auna ƙaramin. Kar ka riƙa tayar wa wasu mota da shi, kar ka bari fetur ya ƙare maka ƙaf kana lallaɓawa da batir, in ta tsaya a hanya a ɗauke ta a kan mota kar a ja ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa. In kuma za ka yi doguwar tafiya, ko Umara ko aikin Hajji, bar wa wani amintacce makullin ya riƙa kunna ta tana READY na minti 20 zuwa 30 duk sati, a fili ba a cikin rufaffen gareji ba.