Idan motarka ta ƙi shan wuta a Ingila

Ɗan'uwa, in ka sayi mota mai lantarki, ko ka kama hayar gida mai caja a bango, wata safiya za ka fito ka tarar batir yana nan yadda ka bar shi jiya. Wayar caji za ka fara zargi. Sau da yawa ba ruwanta.

Tun 30 ga Yunin 2022, cajar gida da ake sayarwa a nan tana zuwa da saitin da ke hana ta ba da wuta lokacin da jama'a suka fi jan lantarki, wato ƙarfe 8 zuwa 11 na safe da 4 na yamma zuwa 10 na dare a ranakun aiki. Tana kuma iya jinkirin da ya kai minti 10 kafin ta fara. Kai kuwa ka dawo aiki da magariba, ka jona, ka ji shiru, sai ka ɗauka ta lalace. Buɗe manhajar cajar a wayar hannunka ka sauya saitin. Duba motar ma, don ita ma tana da nata agogon caji, kuma in suka saɓa babu mai ba wani hanya.

In ba nan matsalar take ba, zare kan wayar cajin ka leƙa ciki. Nau'in Type 2 da yawancin motoci ke amfani da shi yana da ƙananan ƙafafu biyu, ta nan mota da caja ke fahimtar juna. Laka, ruwa ko ɗan lanƙwasa ya isa ya katse su. Bar shi ya bushe, kada ka zura masa ƙarfe, sannan ka tura har ka ji ya kulle. In ya maƙale a jikin mota, danna buɗe ƙofa a makulli, kada ka fizga. Mai tsohuwar Nissan Leaf ta kafin 2018 ya lura, tata kafar cajin wani nau'i ce daban, Type 1.

In wayar cajinka mai cirewa ce daga jikin cajar bango, gwada ta a cajar bakin titi. Ta yi aiki a can, to laifin na akwatin bango ne.

Abin da ba na so ka yi shi ne dabarar gida: a fere waya, a murɗa, a naɗe da salatif. Cajar kilowat 7 tana jan amfiya 32 dare guda cur. Wayar da ta tsage ko ta yi baƙi, sabuwa ake saya. Makunnin kariya a akwatin fis ya faɗi, ɗaga shi sau ɗaya. Ya sake faɗuwa, bar shi, kira ma'aikacin lantarki mai rajista. Ɗan haya kuwa ya fara sanar da mai gida ko ejan.

Wayar cajin mota mai fulogi ƙafa uku irin na soket ɗin gida ta ko-ta-kwana ce. Jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ba ta wayar ƙari ba, kuma ka taɓa fulogin bayan awa ɗaya. In ya yi zafi, zare.