Daga Gusau zuwa Jeneba: yadda ake shiga aikin yaƙi da cin zarafin mata a matakin duniya

Masu ɗaukar ma'aikata a hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke aiki kan mata, irin su UNFPA ko UN Women, ba su cika damuwa da yawan tarukan da kika halarta a otal ba. Abin da suke son ji shi ne mata nawa kika raka daga ƙorafi zuwa asibiti zuwa kotu, kuma ko asirin wata ya taɓa tonuwa a hannunki. Saboda haka daga gida ake farawa. Nemi aikin sa kai a reshen FOMWAN (tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi) ko FIDA (ƙungiyar lauyoyi mata) na jiharku, ko wata ƙungiya mai aiki da 'yan gudun hijira a Anka ko Gusau, ki yi shekara biyu cur. (Da mace muke magana, amma ana neman maza ma, musamman masu iya zama da malamai da hakimai.)

A shekarun nan biyu ki haddace lissafin awanni. Wadda aka yi wa fyaɗe tana buƙatar maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin awa 120. Inda ake yin asara shi ne iyaye su yi wa yarinya wanka, su wanke zanen, su tafi wurin mai unguwa neman sulhu. Kafin a tuna da asibiti kwana huɗu sun wuce. Asibiti ne farko. Tufafin a sa su a jakar takarda, domin leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. A fayil, lamba ake rubutawa a madadin suna, a kulle shi a kabad, kuma ba a tura hoton kowa a zauren WhatsApp ko da na ma'aikata ne. Idan babbar mace ce ba yarinya ba, ita ke yanke shawarar kai ƙara. Naki ki bayyana mata hanyoyin da ke akwai, ki yi shiru ta zaɓa.

Sai doka. Karanta dokar VAPP ta 2015 mai haramta cin zarafin mutane da Dokar 'Yancin Yara ta 2003, sannan ki je Ma'aikatar Shari'a ki nemi dokokin jiharku, don da su alƙali zai yi hukunci. A Zamfara da Kebbi yawancin rikicin aure a kotun shari'ar Musulunci yake ƙarewa, wanda kuwa bai san hul'i da ciyarwa da riƙon 'ya'ya a mazhabar Malikiyya ba, ɗan kallo ne a wurin. Wannan ilimin 'yan Abuja da yawa ba su da shi, kuma da shi za ki fi su. A dokokin ƙasa da ƙasa, biyu ne dole: yarjejeniyar CEDAW ta 1979 kan kawar da nuna wa mata bambanci, wadda Najeriya ta amince da ita a 1985, da ta Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka.

Kalmar “duniya” kada ta ruɗe ki, yawancin aikin rubutu ne. Idan gwamnati ta kai rahotonta gaban kwamitin CEDAW a Jeneba, ƙungiyoyi suna aika nasu rahoton daban, kuma nan ne alƙaluman da kika tara, babu suna ko ɗaya, suke amfani. Haka ake yi da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul. Taron mata na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake yi kowane Maris a Niyok, ba a shigarsa sai ta hannun gwamnati ko ƙungiyar da Majalisar ta yi wa rajista. Kuskure ɗaya a rubutun yana iya cutar da wadda ake karewa. A 2003, lokacin shari'ar Amina Lawal a Katsina, wadda aka yanke wa hukuncin jefewa kan zargin zina, ƙungiyar kare haƙƙin mata ta BAOBAB da kanta ta roƙi masu aiko da wasiƙun zanga-zanga daga ƙasashen waje su dakata, saboda bayanansu ba daidai ba ne, suna kuma iya dagula ɗaukaka ƙarar.

Guraben aiki suna fitowa a shafin intanet na ReliefWeb da shafin UNV na 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya. Fara da muƙaman 'yan ƙasa. A muƙaman ƙasa da ƙasa na Majalisar, matakin P-2 yana neman gogewar shekara biyu, P-3 biyar, galibi haɗe da digiri na biyu. Tallafin karatu na Chevening a Ingila shi ma sai da shekara biyu na aiki. A CV kada ki rubuta “na wayar da kan mata”. Rubuta adadin waɗanda kika tura asibiti, a wace ƙaramar hukuma, cikin wata nawa. Majalisar ba ta karɓar ko sisi a wurin mai neman aiki, duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom ɗan damfara ne. 'Yar Kamba ko Bagudo kuwa ta ƙara da Faransanci: da shi da Hausa da Zabarmanci, guraben Nijar da Jamhuriyar Binin ma sun buɗe mata.