Yadda za ka auna tsohon soja in ya zo neman ƙuri'arka

Jama'a, mu nan arewacin Kamaru, Garwa da Marwa har Kusuri, da an ce wane tsohon soja ne ya fito takarar depite, wato ɗan majalisar dokoki, sai ka ji ana cewa shi ke nan, mai horo ne, zai gyara. To wallahi kaki kaɗai bai isa ba, sai ka bincika, kuma rayuwar John McCain na Amurka za ta nuna maka inda za ka duba.

Fara da abin da ya yi yana cikin kaki. McCain matuƙin jirgin yaƙi ne a sojan ruwa, aka harbo jirginsa a Hanoi a 1967 lokacin yaƙin Vietnam, ya yi shekara biyar da rabi a tsare, mutanen Vietnam suka ce za su sake shi da wuri don babansa babban hafsa ne amma ya ƙi, ya ce sai an fara sakin waɗanda aka kama kafin shi. Raunin da ya samu a can ya sa ba ya iya ɗaga hannu sama da kafaɗa har ya mutu a 2018. Kai ma nemi waɗanda suka zauna bariki ɗaya da ɗan takararka, ƙananan da ya yi wa oda, su za su gaya maka gaskiya ba 'yan kamfen ba.

Sai ka duba ya tuɓe kakin tukuna kuwa? Shi McCain ya ajiye aiki a 1981, ya ci majalisar wakilai daga Arizona a 1982, sanata a 1986, sai a 2000 ya nemi shugabanci George Bush ya kayar da shi a fidda gwani.

Inda na fi so ka daɗe shi ne me ya yi a majalisa. McCain ɗan jam'iyyar Republican ne mai ra'ayin mazan jiya, ya goyi bayan yaƙin Iraƙi na 2003, wannan kam har gobe yana min ciwo don an zubar da jinin bayin Allah, amma kuma shi ne a 2005 ya tsaya kai da fata aka yi dokar hana azabtar da fursunoni duk da gwamnatin jam'iyyarsa ba ta so. To naka fa, in ya taɓa zuwa Yawunde, ya buɗe baki kan hanyar Mora zuwa Kusuri? Ya taɓa saɓa wa jam'iyya saboda talakawa ko ɗaga hannu kawai yake yi?

Kar ka manta da ranar faɗuwa. Daren da Obama ya kayar da McCain a zaɓen shugaban ƙasa na 2008 magoya bayansa suka fara ihu a Phoenix, ya ɗaga hannu ya tsawatar musu sannan ya taya Obama murna. In naka ya taɓa faɗuwa ko da kujerar kansila ce, tambayi 'yan unguwarsu abin da yaransa suka yi washegari.