Yadda za ka gane agogunan James Bond kafin ka zaro kuɗi

Tun da na saka hoton agogon Seiko ɗin nan da na tsinto a Harajin Sawarikh, kasuwar kwance ta Jidda, 'yan uwa nan Jidda har da na Makka ke ta tambayata wai ta ina ake fara tara agogunan finafinan James Bond, to ga abin da na sani. Da farko dai a raba abu biyu, akwai ainihin agogon da ɗan wasa ya ɗaura a fim, akwai kuma irinsa da kamfani ya buga ya sayar wa duniya. Mu na biyun muke nema. Na farkon sai manyan gidajen gwanjo, misali Breitling Top Time na fim ɗin Thunderball (1965) wani ne ya saye shi fam 25 a kasuwar kwance ta Ingila, a 2013 Christie's suka sayar da shi sama da fam dubu ɗari. Saboda haka duk wanda ya ce maka wannan shi ne na hannun Bond, ka yi masa sallama kawai.

Wanda kowa ke mafarki shi ne Rolex Submariner mai lamba 6538, na hannun Sean Connery, wanda ya fito a matsayin Bond, tun daga fim ɗin Dr. No a 1962. Alamominsa, ba ya nuna kwanan wata, ɗan kan nan da ake murɗawa a gefe babba ne kuma tsirara yake, babu ƙarafunan da ke kare shi hagu da dama irin na samfurin 5513 da Roger Moore, shi ma Bond, ya saka a 1973. In aka cire maɗaurin za ka ga lambar samfuri a tsakanin ƙafafun sama wajen ƙarfe 12, lambar siriyal kuma a ƙasa wajen ƙarfe 6. Amma gaskiya kuɗinsa ya fi na gida, kuma jabunsa sun fi na asali yawa nesa ba kusa ba. Sannan na wancan zamanin da radiyom aka shafe lambobinsu don su yi haske da dare, guba ce, kada ka kuskura ka buɗe shi a ɗaki.

Ni shawarata ka fara da Seiko, wallahi nan daɗin yake kuma aljihu zai ɗauka. Moore ya saka 0674 a The Spy Who Loved Me (1977), wanda a fim ɗin ya fito da saƙo a ɗan siririn tef, sai G757 a Octopussy (1983). Juya bayan agogon, a jikin murfin za ka ga lambobi kashi biyu da ɗan layi a tsakani, na farko na inji ne na biyu na gangar jiki, kamar 0674-5009. Siriyal ɗin ma magana yake, lambar farko ƙarshen shekara ce, ta biyu wata, in ka ga ya fara da 73 a kan 0674 to Maris 1977 ke nan, Oktoba da Nuwamba da Disamba kuma O da N da D ake rubutawa.

Abin da ke kashe waɗannan masu lambar dijital batir ne da aka manta a ciki shekara da shekaru. Na taɓa sayen wani a hannun wani dattijo, fuska fes ba ko ƙwarzane, ya ce batir kawai yake so, da mai gyarana a Balad, tsohon garin Jidda, ya buɗe sai ga wani farin gari kamar kanwa da kore-kore ya cinye allon ciki gaba ɗaya, riyal ɗina suka tafi a banza. Tun ranar ba na biya sai an saka batir a gabana, na danna kowane maɓalli, na ga kowace lamba ta fito cikakkiya, in akwai baƙin tabo kamar tawada ta zube a gilashin to ka haƙura da shi, kayan gyaransa wahalar samu gare su.

Kuma a kula da haɗin gambiza, murfin wani, injin wani, sarƙar wani. Lambar da ke jikin inji dole ta yi daidai da kashin farko na lambar murfi. Kada kuma ka bari a goge maka shi da inji don ya yi ƙyalli, ƙwarzanen nan da tsufan fuska su ne darajarsa a wurin masu tarawa.

In ka ɗan yi ƙarfi sai ka leƙa Omega Seamaster shuɗi na GoldenEye (1995), lambarsa 2541.80 kuma mai batir ne, kada a haɗa ka da 2531.80 a ce shi ne, wannan otomatik ne, ba ya amfani da batir, sai a fim na gaba a 1997 Pierce Brosnan, Bond na lokacin, ya fara ɗaura shi.