Yadda Za a Saita Rauta Don Ta Ɗauki Mutane Da Yawa

Da farko, a ajiye rautar, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, a tsakiyar wurin, a sama, nesa da bango mai kauri. Daga nan a shiga shafin saitinta a mayar da wayoyin da ke kusa kan zangon siginar Wi-Fi na 5 GHz, domin ɗaya zangon, na 2.4 GHz, ya fi saurin cunkushewa, ko da yake ya fi kaiwa nesa. Ga waɗanda suka rage a kan 2.4 GHz, a zaɓi tasha ta 1, 6 ko 11. Sannan a ƙara yawan adireshin da DHCP (tsarin da ke bai wa kowace waya ko kwamfuta adireshinta a kan rautar) ke rabawa, a kuma haɗa kwamfutocin tebur da kebul, matakin da bai kamata a raina ba. In har yanzu intanet na tafiyar hawainiya, a ƙara wata na'urar raba Wi-Fi a ɓangaren da jama'a suka fi taruwa.