Yadda ake gudanar da taron kullum na Scrum

Masu fara aikin manhaja a ƙungiya sun sha tambayata yadda ake taron nan na kowace safiya, wanda wasu ke yi a tsaye. Taron wani ɓangare ne na Scrum, tsarin da ƙungiya ke raba aikinta zuwa gajerun zanguna, kowanne da burinsa. Ga matakan:

1. Ku tsayar da lokaci ɗaya da wuri ɗaya har zangon aikin ya ƙare.
2. Ku buɗe allon aiki, na bango ne ko na manhaja irin su Jira ko Trello, yadda kowa zai gani.
3. Ku saita agogo a minti 15.
4. Mutum ɗaya ya karanta burin zangon da ƙarfi.
5. Ku fara da katin da ya fi kusa da kammaluwa (kowane kati a allon aiki ɗaya ne).
6. Mai riƙe da katin ya faɗi abin da ya rage masa.

Hattara, a nan aka fi yin kuskure. Sai kowa ya juya wajen shugaba yana ba shi rahoto, kamar ana tuhumarsa. Taron na masu yin aikin ne, don su tsara yininsu tare. Abokan aikinka za ka kalla, kuma ka bar lissafa duk abin da ka taɓa jiya.

7. Wanda ya maƙale ya faɗa yanzu, ba kunya. Matsalar da aka ɓoye kwana biyu tana iya cinye zangon gaba ɗaya.
8. A rubuta matsalar tare da sunan wanda zai taimaka.

Kada ku fara warware ta a cikin taron. Waɗanda abin ya shafa su tsaya bayan an tashi.

9. A matsar da katunan zuwa inda aikin ya kai da gaske.
10. Agogo na bugawa, ku tashi.