Yadda Ake Awon Jini a Kan Yatsa ga Masu Taɓin Hankali a Cibiyoyin Lafiya na Maradi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa masu fama da taɓin hankali mai tsanani sukan riga sauran jama'a rasuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma akasarin abin da ke kashe su cututtukan jiki ne, musamman ciwon zuciya, hawan jini da ciwon sukari. A shekarar 2018 hukumar ta fitar da ƙa'idoji kan kula da lafiyar jikin waɗannan bayin Allah. Wani ɓangare na matsalar daga magungunan taɓin hankalin ne, domin olanzapine, clozapine da chlorpromazine suna sa ƙiba suna kuma ɗaga sukarin jini, yayin da haloperidol ke da sauƙi ta wannan fuska.

Wanda ƴan'uwansa suka kawo daga wani ƙauye na Dakoro ko Madarunfa don karɓar maganin wata, idan aka rubuta masa takarda aka ce ya dawo gobe ɗakin gwaji da yunwar safe, wato kafin ya ci komai, da wuya a sake ganinsa, saboda kuɗin mota da wahalar rakiya. Shi ya sa nake ganin bai kamata ya bar ɗakin duba marasa lafiya ba a auna shi ba, tunda ƙaramar na'urar awon sukari tana ba da sakamako cikin daƙiƙoƙi daga ɗigon jini ɗaya. Lokutan da suka fi dacewa su ne kafin a fara maganin, sannan bayan mako 12, daga nan kuma sau ɗaya kowace shekara, tare da awon nauyi, faɗin ƙugu da hawan jini.

A fara da neman yardar majinyacin da kansa. Sau da yawa ma'aikaci yakan juya ga ɗan rakiya yana magana kamar mai ciwon ba ya wurin, kuma wannan yana ƙara masa zargi, musamman idan cutarsa tana sa shi jin ana ƙulla masa wani abu. A gaishe shi da sunansa, a nuna masa na'urar da allurar tun tana cikin ledarta, a gaya masa abin da za a auna da dalilinsa. Idan ya ƙi, ko hankalinsa a tashe yake, a jinkirta zuwa wata ranar, sai dai in akwai alamar gaggawa. A kuma tambaye shi yaushe ya ci abinci, domin fura, koko ko shayi mai sukari duk sun karya yunwar safe, wadda ake buƙatar ta kai awa 8.

Majinyaci ya wanke hannu da ruwa da sabulu ya bushe sarai, domin ragowar zaƙin dabino ko mangwaro a kan yatsa yana iya ɗaga lambar ba gaira ba dalili. Ma'aikaci ya sa safar hannu, ya duba ranar ƙarewar tsinken awo, wato ɗan siririn abin da ke ɗaukar ɗigon jinin, ya saka shi a na'ura, sannan ya soki gefen kan yatsan tsakiya ko na zobe da sabuwar allura. A goge ɗigon farko da auduga, a ɗauki na biyu, kuma kada a matse yatsan da ƙarfi, domin ruwan nama yana gauraya da jinin ya ɓata sakamakon. A lokacin hunturu, idan hannu ya yi sanyi jini ya ƙi fitowa, a sa majinyaci ya murza tafukansa ko ya saukar da hannun ƙasa na ɗan lokaci. Allurar kuwa ta wuce akwatin zubar da allurai nan take, ba a barinta kan tebur.

A nan Nijar an fi karanta sukari da giram a lita, alhali na'urori da yawa suna nuna miligiram a desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, saboda haka 126 a na'ura daidai yake da giram 1.26. Idan awon yunwar safe ya kai 126, ko awon kowane lokaci ya kai 200 ga mai yawan ƙishirwa da fitsari da rama, akwai zaton ciwon sukari, kuma sai a tabbatar da shi da awo na biyu ko na ɗakin gwaji. Idan ya sauka ƙasa da 70, a ba shi abu mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya. Akwai awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata 2 zuwa 3 ba tare da buƙatar yunwa ba, kuma daga kashi 6.5 cikin ɗari zuwa sama alamar ciwon sukari ce. Amma a yankinmu dole a yi hattara da shi, domin sikila da ƙarancin jini suna iya sa ya ba da lambar da ba gaskiya ba. Inda akwai na'urar awon ƙarfin jini, ƙasa da giram 12 a desilita ga mace marar ciki da 13 ga namiji alamar ƙarancin jini ce. Duk wanda ya ruɗe farat ɗaya da zafin jiki, musamman da damina, a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro da na sukari kafin a ce ciwonsa ne ya tashi.

Zafin Maradi babban abin lura ne. Yawancin tsinkayen awo ba a so a ajiye su a wurin da ya haura digiri 30, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce 40. A ajiye su a ɗaki mafi sanyi nesa da taga, a rufe kwalbar da zarar an zaro ɗaya, kuma kada a bar su cikin akwatin babur a rana.

A rubuta sakamakon da kwanan wata a littafin asibitin majinyaci, a bayyana masa da ɗan rakiyarsa abin da lambar ke nufi. Idan sukari ya hau, a jaddada musu cewa kada su dakatar da maganin taɓin hankalin da kansu, domin ciwon yana iya dawowa da ƙarfi. Likitan da ya rubuta maganin shi zai duba ko a rage shi ko a sauya, a kuma haɗa majinyacin da masu kula da ciwon sukari, a sa masa ranar dawowa da ta dace da ranar karɓar maganinsa don kada iyali su yi tafiya biyu.